Goron da Na Kai Jamus

Tun da na dawo ban huta ba. Matan foyandinmu, wato taron da muke yi gida-gida ana hira ana cin abinci, sun mai da ƙofata hanyar kasuwa. Wannan ta ce in ba ta labarin jirgi, waccan ta ce ko gaskiya ne Nasara na kwana ɗaki ɗaya da kare. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, kuma kada wadda ta ce mini ba ta iya ba, don rabin matan Filinge ni na koya musu boko kafin in aje alli.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike ne. Isufu, ɗan yayana Alhaji Gado na Tabla, ya tafi Jamus karatun aikin ruwa, ya gama, ya samu aiki, ya kuma samu yarinya mai suna Katrin. Maganar addini Alhaji ya kai wa malamai, suka ce babu laifi. Saura asali. Kun dai san mu a Kurfai, ba a ɗaura aure sai an san su wane ne iyayen yarinya da kakanninta, me suke yi, me ake faɗa a kansu. A danginmu kuwa ni ake aike. Daga Tabla har Damana, in ka ba ni sunan mutum zan gaya maka wadda ta haifi kakarsa. Isufu ya rantse ba zai yi aure ba sai da albarkar ubansa, ga shi ya daɗe yana jira har furfura ta fara leƙo masa.

Wahalar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, na yi zaryar Yamai har direbobin tasha suka san ni da suna. Da ta fito, Alhaji ya zo gidana da kansa, ya aje mini ƙullin goro fari da ja, naɗe cikin ganye da jiƙaƙƙen buhu.

"Ramatu," ya ce, "ke kin ji Faransanci, kuma ke kin san mutane. Tahi ki gano min gidansu. In gidan mutunci na, ki ba su goron ga da sunana. In ba shi na ba, ki maido min abina, ni kau babu bakina cikin wanga aure."

Na ce, "Yaya, ka aiki wadda ta iya."

A motar Yamai na zauna kusa da wani Bazabarme mai sayar da awaki, wanda tun daga tasha ya sa ni gaba. Da ya ji inda za ni sai ya riƙe baki, wai Bakurfaya a Jamus, wa zai dama mata fura? Na ce wanda ke dama wa Zabarmawa hankali, in an same shi. Duk shingen jandarma sai mu sauka mu nuna kati mu sake hawa, shi kuma ya ci gaba daga inda ya tsaya. A Baleyara ya saya mini gasasshen nama ya ce in ci na ban kwana, don can sai ganye. Allah ya sa ya karanta wannan, ya ji cewa bai yi ƙarya sosai ba.

Jirgi bai ba ni tsoro ba. Abin da ya kusa kunyata ni matakala ce mai tafiya da kanta, a filin jirgin Istambul inda muka yada zango. Na tsaya a bakinta ina jira ta tsaya in hau, ita kuma ba ta da niyya. Wata ƴar kasuwa Bagobira ta lura da ni, ta cafki hannuna ta ja ni kamar akuya, muka hau ina salati. Da muka kai sama na gyara mayafina na ce mata dama nazarin abin nake yi.

A Berlin kuwa kare ne ya fara yi mini maraba. Ina jan jakata sai ga shi ya kafa mata hanci, ɗan duwan, wato jami'in kwastan, na biye da shi. Aka buɗe. Kilishin da na yo wa Isufu tsaraba, mai yaji, na gidan da kuka sani, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi Faransanci na makaranta, na yi na kasuwa, yaron nan yana ta ba ni haƙuri yana zuba kilishina cikin kwandon shara. Sai ya kai hannu ga ƙullin goro. Nan fa na tsaya da ƙafafuna biyu. Na ɓare ɗaya na tauna a gabansa, na ce wannan ba abinci ba ne, aure ne. Ya kira wani babbansu, suka juya shi, suka shinshina, suka mayar mini. Daddawa ma ta wuce, ina jin ba wanda ya so ya daɗe kusa da ita.

Isufu na jirana a waje, ya yi ƙiba ya yi haske. Ɗakinsa can ƙololuwar bene yake, tsaf kamar ɗakin likita. Kafin in sha ruwa na sa ya nemo mini tsumma na jiƙa na sake naɗe goron, muka ba shi wuri a firiji. Mutanen gidan ba su gaisuwa. Mutum zai wuce ka a matakala kafaɗa na gogar kafaɗa, idonsa na kan takalminsa. Ni dai ban iya ba. Duk wanda na gamu da shi sai na tambaye shi kwana da gajiya da iyali, har wani tsoho mai ɗan kare ya fara cire mini hula. Shara kuwa kwando-kwando ce, kwalba daban, takarda daban, ɓawon albasa daban, kuma wai in ka haɗa maƙwabci zai yi magana. Gaisuwa ce kawai ba su da lokacinta. Rannan ina tafiya a gefen titi wata tsohuwa ta taso mini da keke tana kaɗa ƙararrawa tana faɗa, ashe hanyar kekuna na hau. Tsohuwar ta girme ni, amma ta wuce kamar iska.

Katrin ta zo gaishe ni washegari. Doguwa ce, mai yawan dariya, ta taɓa aikin rijiyoyi a wajen Dosso. Ta rusuna ta ce, "Gwaggo, sannu da zuwa, ina gajiya?" Na yi tuwo da garin alkama da miyar kuka, ta ci da hannu har ta nemi ƙari. Ta shiga raina, ba zan ɓoye ba. Amma ni ba a saye ni da rusunawa. Yarinya ta Isufu ce, ni gida aka aiko ni gani.

Gidan uwarta, Madam Helga, sai da aka sa mana rana da lokaci, wai haka ake yi ko da uwarka ce. Mace ce da ta ɗan girme ni, gashinta fari fat, tana jin Faransanci don ita ma malamar makaranta ce da ta aje aiki. Aka kawo burodi mai sanyi da cuku da kokwamba. Na ɗan taɓa kaɗan don in bar wa abinci wuri, sai na ga ana kwashe kwanoni. Abincin ke nan.

Na fara aikina yadda na saba, a hankali, kamar hira. Wajen mijinta marigayi ba matsala, manoman dankali ne tun kakanni, har ta nuna mini hoton gonar. Na juyo wajenta na ce, ita kuma mahaifinta fa, me yake yi? Isufu ya yi tari. Katrin ta sunkuyar da kai. Madam Helga ta dube ni, ta ce ita ce autarsa, da tsufa ya haife ta.

"Gobe zan kai ki ki gan shi," ta ce.

A hanyar komawa Isufu ya ce, "Gwaggo, ba dole na ki tahi wurin ga ba." Na ce masa tun kafin a yanke masa cibiya nake wannan aiki.

Wurin a tsakiyar gari yake. Fili ne babba shimfiɗe da tsakuwa ruwan toka, da wani gini mai faɗi a tsakiya, a gefe kuma an tono tsofaffin bangayen ɗakunan ƙarƙashin ƙasa an bar su a buɗe. Madam Helga ta ce nan ne hedikwatar ƴan sandan asiri take a zamanin mutumin nan mai guntun gashin baki, wanda ya jawo yaƙin duniya na biyu. Yanzu an mai da wurin gidan tarihi, kowa ya shiga kyauta. Ni na koyar da wannan yaƙi a aji, shafi biyu ne a littafinmu. Ban san kome ba ashe.

Hotuna ne jere a kan alluna, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga Yahudawa an liƙa musu tauraro a ƙirji, ana tura su cikin jirgin ƙasa da ƙullin kayansu. Ga mutanen da ake ce wa Roma, ga naƙasassu, ga waɗanda laifinsu kawai sun ce ba su yarda ba. Na ga wata mata an aske mata kai a dandali, an rataya mata allo a wuya, jama'a sun kewaye ta suna kallo, har da masu ɗauke da yara a kafaɗa don su gani da kyau. Su na fi kallo, don fuskokinsu irin na mutanen da za ka saya wa tumatir ne. Ga ƴan makaranta an kawo su aji guda, malamarsu na yi musu bayani ƙasa-ƙasa, ba mai ko motsi. 

To, a nan na yi abin da matan foyandi za su riƙa yi mini dariya har in mutu. A wurinmu ba wanda zai ɗauki ɗan aiken surukai ya kai shi wurin kakansa sai in wurin abin alfahari ne, ko kushewa. Da na ga waɗannan bayin Allah da aka kashe, na ga Madam Helga na tafiya tana share ido, sai na gama lissafina: a nan aka kashe mata uba. Ban ma tsaya na tuna ta ce da tsufa ya haife ta ba. Kuma ni ƴar Kurfai ba zan tsaya gaban mai rashi da takalmi a ƙafa ina kallon hoto ba. Na tuɓe takalmana, na ja mayafi, na kama hannayenta biyu na yi mata gaisuwa cikakkiya. Na yi da Hausa na yi da Faransanci. Na ce ya haƙuri, Allah shi ba ku dangana, Allah shi saka ma wanda anka zalunta, Allah shi tona asirin azzalumai. Muryata kun san ta, ta aji ce. Ƴan makarantar nan duk suka juyo. Isufu ya rufe fuska da hannu.

Madam Helga ba ta katse ni ba. Sai da na kai aya, sannan ta riƙe hannuna ta ja ni, ƙafata ba takalmi, zuwa wani allo can gaba. Hoton wasu maza ne cikin kaki da mata ƴan ofis, sun fita shan iska, suna zaune a kan ciyawa suna dariya, ɗaya na riƙe da abin kiɗa. Ta ɗora yatsa a kan wani saurayi kyakkyawa a gefe.

"Wannan ne babana," ta ce. "Ba kawo shi aka yi nan ba. Nan yake aiki. Yana cikin masu sa hannu a kan takardun waɗanda za a kwashe."

Ta ce bayan yaƙi ya koma gida ya buɗe shagon gyaran agogo, ya yi aure, ya shuka furanni, shi ya koya mata hawan keke. A kan gadonsa ya mutu, bai taɓa ce musu uffan ba. Sai bayan ransa ta zo nan da ɗalibanta, ta ga fuskarsa a bango.

"Na so shi ƙwarai," ta ce. "Har yau ban san inda zan aje wannan ba."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har tafin ƙafata mai sanyi. Azzaluman da na gama roƙon Allah a kansu, ga ɗaya ƴarsa na riƙe da hannuna. Katrin ce ta je ta ɗauko mini takalmana, ta durƙusa ta aje mini su.

Na ce mu tafi, Katrin ta ce akwai abu ɗaya da take so in gani. Wani zane ne mai ƴan da'irori, wasu farare wasu baƙaƙe wasu rabi da rabi, layi na haɗa su daga sama zuwa ƙasa. Kafin ta fassara mini na gane shi. Kakanni huɗu ne a sama, iyaye a tsakiya, yaro a ƙasa. Hukuma ce ta zana don a san jinin wa ya gurɓata, wa zai auri wa, wa ba zai aura ba. Na gane shi don aikina ne. Ban ce ɗaya ba ne, mu ba mu taɓa sa kowa a jirgin ƙasa ba. Amma ƙidayar kakanni, da cewa wance ba ta aurar ɗanmu don kakar kakarta baiwa ce, wannan ba sai an fassara wa Bakurfaya ba. Na daɗe tsaye gaban zanen nan.

Sai Katrin ta ƙara mini da wani. Ta ce bayan yaƙin farko Faransa ta girke sojojinta a wani yankin Jamus, cikinsu har da baƙaƙen fata, wasu suka haihu da matan ƙasar. Da wancan mulki ya zo, aka bi ƴaƴan nan aka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. Na tuna tsofaffin sojan da muke gani a Filinge muna yara, masu lambobi a ƙirji. Na dubi Isufu, na dubi Katrin.

A waje muka zauna a kan benci. Na tambayi Madam Helga abin da ke cina. Na ce me ya sa ta nuna mini? Da ta ce mini mai gyaran agogo ne, ai ba ta yi ƙarya ba, kuma wa zai zo daga Tabla ya bincika?

"Kin taso tun daga ƙasarku don ki tambaya," ta ce. "Shi ya ɓoye mana. Ni ba zan ɓoye wa jikokina ba, ba zan ɓoye wa kakansu ba. In ya ce bai yarda ba, yana da hujja."

Da muka rabu da su Isufu ya tare ni, idonsa ya yi ja. "Gwaggo, don Allah don Annabi kar ki hwaɗa ma Baba. Ki ce mai agogo na. In yaj ji wanga, shi ke nan."

Na ce, "Kai, yaushe ka san ni da rabin magana? Matar ga ba ta ɓoye ba, ni za ni ɓoye mata?"

Washegari na ɗaura zanena mai kyau, na fito da goro daga firiji, na ɗora wa Isufu. Ya ce ba mu sa ranar zuwa gidanta ba. Na ce yau Jamus za ta yi haƙuri. Muka buga wa Madam Helga ƙofa tana cikin ban ruwan furanni. Na zaunar da ita, na kwance ƙullin a gabanta, na ce Alhaji Gado na Tabla na neman wa ɗansa Isufu auren ƴarta Katrin. Ta ɗauki ɗaya ta gatsa. Fuskarta ta tattare, idonta ya kawo ruwa, amma ta tauna ta haɗiye duka. Isufu dai bai yi murna sosai ba, don ya san saura Tabla.

Na dawo da damina, gero ya kai ƙugu. Ban ko kwance kaya ba na hau motar Tabla. Na iske Alhaji a rumfarsa bayan la'asar. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, idonsa na kan jakata.

"Ina goro?" ya ce.

"Na ba su."

"To madalla. Gidan mutunci na ke nan."

"Tsaya ka ji, Yaya."

Na ba shi labari tun daga burodi mai sanyi har zanen kakanni. Ban rage kome ba, har takalmana. Da na zo kan saurayin da ke dariya a ciyawa, Alhaji ya aje tazbaharsa.

"Ramatu! Jikar mai kisan mutane kinka ba goro da sunana?"

"Ita na ba. Kakan nan azzalumi na, ba ni gyara mai. Amma ɗiyatai ta kama hannuna, ta kai ni gaban hotonai, ta aza yatsa ta ce ga shi. Yaya, gida nawa ka aike ni cikin Kurhwai? Kowa sai shi nuna min kakanai mai doki. Wa ya taɓa kai ni inda nashi ya yi abin kunya? Mu kanmu, bayin da kakanmu ya kamo, wa munka taɓa hwaɗa ma?"

 Alhaji ya juya yana kallon gona. Awaki suka shigo, aka kore su. Ni dai na zauna, don na san yayana, in ka matsa masa ka ɓata. Can ya ɗauki tazbaharsa.

"In sun haihu namiji, kar a kuskura a sa mai sunan wancan."

"Ba mai sa wa."

"Uwar yarinyar fa, mi kinka ce sunanta?"

"Helga."

Ya gwada shi a bakinsa sau biyu, bai fito daidai ba.

"In mace ta," ya ce, "liman shi raɗa nashi. Amma a gidan ga, Halga za mu kiran ta. Kira min Isuhu."